Kwalbar Ruwan da Hao Jinsuo Ya Kawo Mini

Hao Jinsuo ya riga ni shiga masana'anta da shekara takwas. Lokacin da aka kawo ni ɗakin gwaje-gwaje ina 'yar shekara ashirin da ɗaya, shi har ya yi suna a sashen rabawa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, haƙoransa na gaba sun ɗan dafe saboda tururin asid, kamar na duk wanda ya daɗe a wannan sashe. Lao Hao kowa yake ce masa, wato tsoho Hao, tun bai cika talatin ba. Ni kuma Xiao Miao yake ce mini, ƙaramar Miao, kuma har ranar da na nuna masa hoton jikata bai canza ba.

Aikinmu a birnin Baotou sananne ne. Jirgin ƙasa ya sauko da dutse daga ma'adinar arewa, masu narka ƙarfe su cire nasu, abin da ya rage a miƙo mana. A ciki ƙarafan nan suke, waɗanda ake kira ƙasa mai wuyar samu. Lao Hao ya tsani wannan suna. Yakan ce, "Wace wuyar samu? Ga shi muna tattakawa kullum. Wuyar rabuwa dai." Kuma gaskiyarsa. Su goma sha bakwai ne a danginsu, halinsu kusan ɗaya, inda ɗaya ya narke sauran su narke, inda ɗaya ya kwanta su kwanta tare. Kafin a raba biyu daga cikinsu sai ruwan ya bi ta akwati fiye da ɗari, a jere cikin wani dogon zaure, ana kaɗa asid da wani mai mai warin kananzir, kowane akwati ya ɗan ware su kaɗan.

Biyu ne suka fi ba mu wahala, kuma su ne masu launi. Niyodimiyam in ya narke ruwansa shunayya ne mai sirkin hoda. Ɗan uwansa farasiyodimiyam kuwa kore ne shar kamar ganyen albasa. A zauren ba mai wahalar da harshensa da waɗannan sunaye, Shunayya da Kore muke cewa. Ɗaya ya nufi wannan ƙarshen layi, ɗaya ya nufi wancan, a tsakiya akwai akwatin da suke cakuɗe, ruwansa kamar na wanke-wanke. Duk aikin mai kula da layi shi ne kada wannan mahaɗa ta gusa. In ta gusa da akwati uku, kayan mako guda sun lalace.

Mu a ɗakin gwaji awa huɗu muke yi kafin mu ba da amsa. Lao Hao kuwa sai ya ɗebo ruwan a ɗan gilashi ya fita bakin ƙofa, don ya ce fitilar zauren maƙaryaciya ce, Shunayya a ƙarƙashinta shuɗi-shuɗi yake komawa. Ya ɗaga gilashin a hasken rana, ya kanne ido ɗaya.

"Xiao Miao, Kore ya shigo. Kashi biyu cikin ɗari, ko ƙasa da haka kaɗan."

"Da wane ma'auni ka auna, Lao Hao?"

"Da wanda aka haife ni da shi. Je ki ƙona wa gwamnati wuta awa huɗu, ki dawo ki gaya mini abin da na gaya miki."

Nakan je in dawo da ɗaya da ɗigo takwas. Sai ya karɓi takardar yana jujjuya ta, wai yana neman inda na yi kuskure.

Ɗan ƙauye ne, daga Gangaren Hao, tafiyar minti arba'in a keke yamma da gari. Ubansu ya rasu yana ɗan shekara tara, yayansa Mandun ne ya riƙe gidan. Shekarar da aka karɓi gonakin gabashin ƙauyen don a faɗaɗa tafkin da masana'antu suke zuba dagwalonsu, an ce duk gidan da aka taɓa gonarsa ya ba da mutum ɗaya a ɗauke shi aiki. Gurbin na Mandun ne, shi ne babba. Amma Mandun bai yi makaranta ba, Jinsuo kuwa ya yi aji shida. Mandun ya ce shi in aka kulle shi cikin gini mutuwa zai yi, a bar shi da tumakinsa. Lao Hao ya sha ba mu wannan labari, kuma kullum a nan yake tsayawa ya ce, "Ƙarya yake yi. Yana so. Na ga yadda ya riƙa shafa rigar aikin ranar da na kai ta gida."

Wataƙila shi ya sa bai taɓa zuwa ƙauye hannu rabbana ba, kuma duk tsarabar da zai kai sai mai alaƙa da aikinmu. Aljihunsa ba ya rabo da duwatsun laita, 'yan ƙananan nan kamar ƙwayar shinkafa. Ya rarraba wa tsofaffi, ya kankare ɗaya da wuƙa tartsatsi ya tashi, ya ce musu siriyam ne, ɗaya daga cikin ƙarafanmu, da baƙin ƙarfe, ta hannunsa ya biyo. Ya kai wa Gaihua, matar Mandun, garin da ake goge gilashin tabarau da na kyamara, a ƙullin takarda. Ta goge butar shayi da shi ta ce bai kai toka ba. Da sababbin maganaɗisu suka fito, ya samo biyu kamar maɓallin riga, ya ɗora ɗaya a saman yatsansa ɗaya a ƙasa, suka riƙe juna ta cikin nama da ƙashi. Ya ce Shunayya ne a ciki, kuma wata rana sai an sa shi a duk abin da yake juyawa ko yake magana. An yi masa dariya. Ni ma na yi.

Ranar da ya kai musu talabijin mai launi ina wurin, don matarsa Fenglian ƙawata ce, benenmu ɗaya, ta ja ni in taya ta riƙe akwatin a bayan amalanke. Rabin ƙauyen ya hallara. Wasu sun haye kan kang, gadon tubalin nan da ake hura wa wuta, wasu a tsaye har tsakar gida. Da hoto ya fito, Lao Hao ya ɗora yatsa a kan jar rigar mai karanta labarai.

"Kun ga wannan jan? Namu ne. Yurofiyam. A tan guda na dutse, abin da za a samu bai cika kofin shayi ba. In babu shi, jan talabijin kamar na bulo yake fitowa."

A gida Na Biyu ake ce masa. Gaihua ta leƙo daga wajen murhu, hannunta duk gari, ta ce, "To Na Biyu, in ka koma ka ce su rage. Ga fuskar matar nan kamar ta shanye kwalbar giya biyu."

Aka kwashe da dariya. Mandun yana bakin kang yana zuƙar taba. Duk wanda ya shigo, ƙanensa yake nuna masa da haɓa, ba talabijin ba.

Daga tsakar gidan ana hango ganuwar tafkin. A lokacin tsayinta bai fi na ɗaki ba. Kowace shekara ana ƙara mata, har ta kai tana tare musu fitowar rana. Ban taɓa hawa na leƙa ba sai bayan na yi ritaya. Baƙar laka ce iya ganin mutum, ba ciyawa, ba tsuntsu, ga manyan bututu suna ta amayo wata. Ba mu kaɗai muke zubawa ba, amma da mu a ciki, kuma na san abin da yake cikin namu, don ni nake gwada shi.

Tumaki ne suka fara nunawa. Haƙoransu suka riƙa tsawo, wasu su zarce wasu, su yi baƙi, har dabba ta kasa haɗa baki ta yagi ciyawa. Ta tsaya a tsakiyar makiyaya tana ramewa. Mandun yakan danne su ya datse haƙoran da filaya, su yi wata uku su koma yadda suke. Daga nan kabeji ya daina naɗewa, dankali ya koma kamar ƙwan tantabara.

A kakar 1997 aka fara liƙa sunayen waɗanda za a sallama a allon bakin ƙofar masana'anta, duk ƙarshen wata. Mutane su wuce kamar ba su gani ba, su dawo su duba ta gefen ido. Sunan Fenglian, da ita ma a nan take aiki, ya fito a jeri na biyu. A wannan watan shugaban ɗakinmu ya tara mu ya ce duk wanda aka kama yana gwada wani abu da ya fito daga waje, shi da kansa zai kai sunansa allo.

Kwana kaɗan bayan haka, da rana, kowa ya tafi cin abinci ni ina cin nawa a kan tebur, Lao Hao ya shigo. Ya zaro kwalbar giya daga cikin rigar sanyinsa, an toshe bakinta da totuwar masara.

"Kar ki yi murna, ba giya ba ce. Ruwan rijiyar Yaya ne. Ya ce in sa a duba masa, a rubuta masa abin da aka gani."

"Ka ji dai abin da shugaba ya ce."

"Na ji. Shi ya sa na zo lokacin da yake cika tumbinsa."

Na karɓa. Kwana biyu na yi ina gwadawa, ina cusa shi cikin ruwan layinmu da nake gwadawa. Fuloraid, sinadarin da yake cin haƙori da ƙashi in ya yi yawa, ya ninka abin da aka yarda mutum ya sha ninkin ba ninki, ga gishirin asid iri-iri. Na maimaita ko hannuna ne ya kuskure. Abin da ya fito da farko shi ya sake fitowa.

A rumfar ajiye kekuna na same shi bayan an tashi.

Na ce, "Kar su sha. Kar su dafa abinci da shi. Ko tumakin ma kar a ba su."

"Ya kai haka?"

"Ya wuce."

Ya daɗe yana murza ƙararrawar kekensa ba tare da ya bari ta yi ƙara ba. Can ya ce, "To rubuta mini."

"Ba zan rubuta ba."

"Ko ba hatimi. A farar takarda kawai."

"Lao Hao, shekara goma sha takwas rubutuna yana yawo a masana'antar nan. Ko mai gadi ya san shi. Na gaya maka da baki, kai ma ka gaya masa da baki."

Bai roƙe ni ba. Ya ce, "To," ya hau kekensa. Da ya roƙe ni ban san abin da zan yi ba, kuma na daɗe ina fakewa da wannan.

Ran Lahadi ya tafi ƙauye. Ran Litinin ya kawo gilasan layinsa ya jera mini a tebur, ba wasa, ba tsokana, ya juya zai fita. Na tare shi a bakin ƙofa.

"Ka gaya masa?"

"Na gaya masa."

"Me ka ce?"

"Na ce ruwan yana da ɗan nauyi. Su riƙa tafasawa."

"Tafasawa? Kai ne fa, Lao Hao. Ka san in aka tafasa, ruwan ne yake tafiya, abin ya zauna ya ƙara kauri."

"Na sani."

Ya tura ƙofar ya rufe, ya ba ni labari a tsaye. Ya ce da ya isa ya tarar Mandun ya yanka tunkiya, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage masu lafiya. Matar ɗan Mandun ta haihu bai fi wata ba, ga sababbin ɗakuna biyu da suka gama rufewa a bazarar. Dattawan ƙauye sun zo sun cika kang, sun bar masa wurin zama na sama. Gaihua ta kawo taliyar youmian da miyar nama, ba wanda ya taɓa, duk shi ake jira.

"Shekara ashirin da shida ina zuwa ina gaya musu abin da hannuna yake yi. In buɗe baki in ce musu me? In ce shi ne yake bi ta ƙarƙashin ƙasa yana shigar musu tukunya? Kuma in na faɗa, ina za su je? Rijiyar garin duk ɗaya ce. Sannan kafin in iso gida maganar ta riga ni zuwa masana'anta, an ce Hao Jinsuo ne ya faɗa. Fenglian tana zaune a gida. Ni ma in zauna?"

Na ce, "Yaya ya ce me?"

"Ya kalle ni, ya ce a ci abinci kar ya huce."

Na san hanyar Gangaren Hao. Ina da keke. Ba abin da ya hana ni zuwa da kaina in gaya wa Gaihua a gefen murhu, mace da mace. Ban je ba.

Daga wannan makon Lao Hao ya fara jigilar ruwa. Duk Lahadi ya cika jarka biyu a famfon gidansa, ya ɗaure a gefe da gefen keke, ya tafi. Da zafi da sanyi, har lokacin da ruwan yake daskarewa a hanya sai an jingina jarkar da murhu. Ya ce musu wai ruwan birni ya fi fitar da ɗanɗanon shayi. Fenglian ta ce mini Gaihua har tsokanarsa take yi, ta ce Na Biyu ya bar aikin gwamnati ya zama ɗan ga-ruwa. Mutum shida ne a gidan. Jarka biyu ba sa wuce Talata, sai Gaihua ta riƙa keɓe su don jikarta kawai, sauran su sha na rijiya, a tafashe, yadda aka ce musu.

Ya daina yawo da duwatsun laita. Aka kawo na'urar da take karanta launin akwatunan tana nunawa a allo, ba a ƙara nemansa ya ɗaga gilashi a rana ba, shi ma bai damu ba. Da gwiwoyinsa suka fara gazawa ya sayi keke mai batir don jigilar ruwan. Abokan aiki suka kewaye shi suna buga tayar baya, inda injin yake, suna cewa ga maganarka ta tabbata, Shunayya ne yake tura ka, ga shi a wayoyinmu, ga shi a fankokin iskar da aka kakkafa a kan tudu. Ya gyaɗa kai kawai ya ce batirin ba ya daɗewa da sanyi.

Ni da shi kuwa muna gaisawa a matakala, muna aika wa juna abinci ranar sabuwar shekara, ya zo bikin ɗana na je na 'yarsa. Maganar kwalba ba ta ƙara shiga tsakaninmu ba. Ya yi ritaya a 2006.

Gaihua bayanta ya riƙa lanƙwashewa, wuyanta ya ƙi juyawa, in za ta kalli mutum sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya. Daga baya da ɗan kujera take tafiya, ta tura shi gaba ta bi. Ta rasu a hunturun 2008. Likita bai ce ruwa ne ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Ba wanda ya tambaye shi.

Shekara uku bayan haka aka tashi ƙauyen, aka ba su gidajen bene a gefen gari. Kafin a rushe gidajen sai da kowace zuriya ta kwashe kaburburanta zuwa sabuwar maƙabarta. Washegarin ranar da dangin Hao suka kwashe nasu, da yamma, Lao Hao ya ƙwanƙwasa ƙofata. Ya zauna, na zuba masa shayi bai sha ba.

"Na gaya wa Yaya."

Ban tambaye shi me ba.

Ya ce bayan an gama rufe sabon kabarin Gaihua mutane sun watse, su biyu suka rage a zaune a kan tudun ƙasa. Nan ya faɗa masa duka, abin da gwaji ya nuna da abin da shi ya je ya ce. Mandun yana naɗa taba, bai ɗago ba har ya gama.

Mandun ya ce, "Kana tsammani ban sani ba? Ni da nake datse haƙoran tumaki da hannuna? Ba don in san ko ruwan yana da kyau na ba ka ba. Takarda nake so. Sau huɗu muna zuwa ofis, kullum su ce ina shaida. Na ce musu ina da ƙane a ciki, zai kawo."

"To me ya sa ba ka ce komai ba ranar, Yaya?"

"In ce me? Dattawa suna zaune. Ka ce a tafasa. In miƙe in ce musu ƙanena maƙaryaci ne? Da ka ja ni waje ka ce, Yaya na kasa, da na nemi wata hanya. Amma a gabansu ka faɗa, kuma saboda kai ne suka yarda. Shekara shida ba wanda ya sake taka ofis. Duk wanda ya tayar da maganar sai a ce masa ai Na Biyu ya duba."

Lao Hao ya ce ya durƙusa a gabansa a kan ƙasar. Mandun ya ce ya tashi, wandonsa zai ɓaci, kuma shi ba zai iya ɗaga shi ba. Bayan wani lokaci ya ƙara da cewa, "Ni ma na sha. Ni na riƙa jawo mata a guga. Ba kai kaɗai ba ne."

Da ya gama ba ni labarin sai na ce, "Ka faɗa masa ni ce na ƙi rubutawa?"

"Na ce masa wadda ta gwada ba ta samu damar rubutawa ba. Bai tambayi suna ba."

Ya ɗauki shayin da ya riga ya huce ya shanye, ya ce ganyen nawa ya tsufa, in daina rowa in sayi sabo.

Gidan da aka ba Mandun a hawa na huɗu yake, ba na'urar hawa, ga ƙafafunsa sun riga sun tafi. Ɗansa da surukarsa suna fita aiki tun safe. Sai Lao Hao ya mai da zuwa can aikinsa. Kullum da hantsi ya je, ya goya yayansa a baya ya sauko da shi, ya zaunar da shi a rana inda tsofaffin ƙauyen suke buga karta, da azahar ya mai da shi sama. Tsoho ɗan sittin da wani abu yana goye da ɗan saba'in, suna saukowa suna faɗa. Mandun ya ce yana girgiza shi kamar buhun dankali, shi kuma ya ce buhun dankali ba ya warin taba. Da kunnen Mandun ya yi nauyi ya saya masa ɗan abin ƙara jin nan da ake maƙalawa. A da, da sai ya zaunar da shi ya yi masa bayanin ɗan maganaɗisun da yake ciki da inda ya fito. Wannan karon ya nuna masa inda ake kunnawa kawai.

Tsofaffin ƙauyen ba su taɓa ce masa komai ba. Wasu suna matsa masa ya zauna a yi karta da shi, wasu in ya zo sai su mai da hankali ga katin hannunsu. Ban san wanda ya sani da wanda bai sani ba, shi ma ina jin bai sani ba.

Shekara biyar ya yi yana wannan goyo, har tari ya kama shi. Da farko yakan huta a kowane hawa, daga baya shi kansa ba ya iya kaiwa na huɗu sai ya zauna sau biyu. Huhunsa ne, irin na yawancin mutanen zauren rabawa. Ya rasu a bazarar 2018, yana da shekara sittin da bakwai. An sauko da Mandun a kan kujera, mutum huɗu suka ɗauko shi zuwa wurin jana'iza. Bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya ce a gyara wa mamacin hularsa, ta karkace.

Bayan an yi kwana arba'in da tara na makoki, na sayi tuffa da kwalin madara na hau hawa huɗun nan. Jikarsa ce ta buɗe mini, wadda aka haifa a waccan kakar, ta zama budurwa, haƙoranta farare. Mandun yana zaune a bakin taga da bargo a cinya. Na gaya masa ni maƙwabciyar Jinsuo ce, mun yi aiki tare. Ya ce in zauna. Muka yi maganar sanyi, da tsadar nama, da yadda gidajen nan ba sa riƙe ɗumi kamar kang.

Sai na ce, "Yaya Mandun, ni ce na gwada ruwan rijiyarku."

Ya taɓa abin kunnensa ya ce in sake faɗa. Na sake faɗa, da ƙarfi, har jikar ta leƙo daga kicin.

Ya dube ni sosai. Ya ce, "Ashe ke ce. Daga baya na tambaye shi suna, ya ƙi faɗa. Ya ce kar in riƙe ki a zuciya. Ya ce kin so ki rubuta, har kin ɗauko takarda, shi ne ya hana ki, don a lokacin mijinki yana kwance asibiti, ke kaɗai kike riƙe da gida." Ya gyara bargonsa. "Ya jikin nasa? Ya tashi kuwa?"

Mijina bai taɓa kwana a asibiti ba. A waccan shekarar lafiyarsa ƙalau, yana tuƙa motar bas, sunansa bai taɓa fitowa a allon kowa ba. A lokacin da nake zaune a ɗakin nan ma yana can bakin kogi yana kamun kifi da abokansa.

Na ce, "Ya tashi."

Mandun ya ce, "To madalla." Ya kira jikarsa ya ce ta fere mini tuffa ɗaya cikin waɗanda na kawo. Na zauna na cinye ta duka, sannan na yi masa sallama na sauko.